Bukkar Dakon Zabi

Kawuna maharbi ne, ni kuwa tela, kuma matsoraci, ba na ɓoyewa. A unguwarmu ta Dilimi kowa ya san in taya ta fashe a titi, ni ne na farkon shigewa ƙarƙashin keken ɗinki. Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarun da suka biyo bayan rikicin da ya raba Jos unguwa-unguwa, lokacin da mutum kan duba hagu da dama kafin ya faɗi sunansa.

Wani tsohon manomi Kirista, abokin Kawu tun suna haƙar kuza tare, ya aiko cewa zabin daji sun addabi accarsa, a zo a rage masa su. Gonar tana bayan gari, in an bi Titin Bauchi an ratse cikin duwatsu.

Na ce, "Kawu, wa ke yawo da bindiga yanzu a ƙauyen da ba nasa ba?"

Ya ce, "Babur na ce ka tayar, ban ce ka ba ni shawara ba."

Zabon daji ba a bin sa, dakonsa ake yi, don idonsa ba ya kuskure. Maharbi kan haɗa 'yar bukka da ciyawar wurin, ya bar ta 'yan kwanaki har tsuntsayen su saba da ganinta, sannan ya zo da sassafe ya shige. Duk gwanintar tana wajen zaɓen wuri. Kuma a al'adar su Kawu, maharbi ba ya faɗin inda bukkarsa take, ko ga matarsa, don kada 'yan leƙe su kore masa nama.

Manomin ya nuna mana iyakar gonar ya tafi. Wuri biyu muka samu. Ɗaya a fili, bakin wani tsohon kududdufin kuza, inda ake hango mutum tun daga nesa. Ɗayan tsagin dutse ne da ƙaya ta rufe, dab da 'yar hanyar da matan ƙauyen ke bi zuwa rafi. Na roƙi Kawu ya ɗauki na filin. Ya yi dariya ya ce wannan ai ko makahon zabo ya gan shi. Ya lulluɓe tsagin dutsen da ciyawa, har ni da na taya shi ɗauko ta, da na ja da baya sai na rasa ƙofar.

Ranar dakon muka shige mu biyu, gwiwa na gugar gwiwa, bindigar toka a cinyarsa, an ɗura ta. Gari ya waye sosai. Can muka ji kukan zabi daga bayan dutse, Kawu ya taɓa ni da yatsa. Sai kuma muka ji wasu muryoyin, na mutane.

Mata ne ɗauke da robobi, da samari biyu riƙe da adduna za su gona. A daidai inda muke suka tsaya, saboda ɗaya ta taka ƙaya. Ta sauke robarta kusa da ƙafata, har ina ganin inda aka liƙe ta da wuta. A nan ne na ga kanmu yadda za su gan mu: baƙi biyu daga gari, a ɓoye a bakin hanyarsu, da bindiga a ɗure. Wa zai tsaya jin zancen zabo? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi, kuma mutanen nan an sare su kamar yadda aka sare mu.

Na yi tunanin yin sallama, na ga sallama daga cikin ƙaya ta fi shiru muni. Ga Kawu da tsohon tarinsa da ba ya neman izini. Na ga ƙirjinsa ya fara tashi. Ya cire hularsa ya cusa a baki ya cije, idanunsa suka kawo ruwa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba don kaina kaɗai ba. Har da tsohon nan nake ji wa.

Aka cire ƙayar, suka wuce suna hira. Ba a jima ba zabin suka sauko cikin accar, garke guda, kusa ƙwarai. Kawu ya dube su har suka ƙoshi, bai ɗaga bindigar ba. Ya fito ya rushe bukkar da ƙafa, muka nufi gidan abokinsa, ya gaya masa komai.

Manomin ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce, "Oga maharbi, da yaran nan sun gan ka, ko ni ba zan iya hana su ba. Gaskiya kenan."

Washegari Kawu ya zo shagona ya ce in ɗinka masa jan ƙyalle, babba. Ya haɗa sabuwar bukka a bakin kududdufin, ya kafa gora, ya ɗaura ƙyallen a sama, ya sa manomin ya shaida wa kowa. Zabi kuwa ba wawaye ba ne, ko ɗaya bai sake matsowa ba. Duk da haka kullum Asabar sai na kai shi, har aka yanke accar. Ya zauna cikin bukkar da kowa ke gani, bindiga a jingine, mata na wucewa suna cewa, "Sannu Baba, ina nama?" Shi kuma ya ɗaga hannu ya ce, "Yana tafe."

Wata rana a hanyar gida na ce, "Kawu, me muke zuwa yi ne?"

Ya ce, "Tuƙa kawai. Yau mutum nawa suka gaishe mu?"