Kuɗin Makka a Cikin Tukunya

Ina aji uku a makarantar ƴan mata, lakwal in ji mutanenmu, aka ba mu hutun damina, sai kawuna, wanda ke aikin kai takardu a bankin Maraɗi, ya roƙa mini gurbi in yi wata biyu ina koyon aiki. Daga Madarumfa na taso a bayan kamiyo, babbar motar kaya, da ƴar akwatina a cinya.

Ban taɓa shiga ɗaki irin wannan ba. Daɓen siminti sumul, sanyi kamar cikin randa, a sama kuma wani abu mai fukafukai uku yana juyawa ba mai kaɗa shi. Can ƙurya akwai ƙofar ƙarfe mai kaurin taki guda, ba ta buɗuwa sai mutum biyu sun sa mabuɗi tare: Baturen da ke shugabancin wurin, da ma'aji, wani mutumin Dahome mai tabarau. Duk sanda aka buɗe ta sai in tsinci kaina ina salati a zuci. Aikina tafinta ne tsakaninsu da mutanenmu, da kama babban yatsan wanda bai iya sa hannu ba in dangwala a tawada.

A sati na uku wata tsohuwa ta shigo ɗauke da tukunya a naɗe cikin zane. Ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa kamar za ta shiga masallaci. Na gane ta nan take, maƙwabciyarmu ce a Madarumfa, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kowa ya san shekara da shekaru tana tarin kuɗin zuwa Makka.

"Ke ƴar lakwal, ashe nan suka ɓoye ki? Zo ki gane mini abin da ya same ni."

Ta buɗe tukunyar. Ƙasa ce ja, da guntayen takarda kamar ganyen da akuya ta tauna ta zubar.

Mutanenmu binne dukiya suke yi a ƙarƙashin gado. Haka iyayenta suka binne kuɗin wuri, haka mijinta ya binne dalolin azurfa, ba abin da ya taɓa su. Ita ma da kuɗin takarda suka zo sai ta yi yadda ta gada, ta liƙe bakin tukunya da laka. Ba wanda ya gaya mata wannan kuɗin abincin gara ne.

"Inna, ba ki duba su ne?"

"In duba mi, ɗiyata? Kuɗi jinjiri ne da za a riƙa leƙawa? Sai in tara na shekara in tona in ƙara. Bana na tona, na iske sun riga ni tafiya Makka."

Ta yi dariya.

Na yi zaton ma'aji zai kore ta. Sai ya cire tabarau ya goge, ya ce mini da Faransanci akwai doka: duk takardar da fiye da rabinta ya rage, lambarta kuma tana karantuwa, banki zai musanya ta da sabuwa. Na juya mata da Hausa. Ta dube shi ta dube ni.

"Su karɓi ruɓaɓɓe su ba ni mai kyau? Don mi?"

Na ga mutane suna cizon dala su ji ko azurfa ce, amma ban taɓa jin inda abu ya lalace darajarsa tana nan ba.

Aka ba ni teburi a gefen taga, da siririyar takarda, da ruwan ƙaro a kasko. Kwana huɗu ina kaɗe ƙasa da gashin kaza, ina haɗa guntu da guntu, rabin fuska nan, rabin lamba can. Numfashi ma a hankali nake yi kada su tashi. Tsohuwar ta sauka a gidan kawuna, kullum da safe sai ta zo ta zauna a inuwar baranda da carbinta, in na fito alwala ta ce, "Nawa suka farfaɗo yau?"

Ma'ajin ba Musulmi ba ne, Hausarsa kuma ba ta wuce gaisuwa ba. Amma da ya ji inda kuɗin za su, sai ya daina fita cin abincin rana. Ya zauna kusa da ni da gilashin ƙara girma, yana nemo mini lambobin da idona ya kasa gani. In ya dace da guda sai ya ɗaga ta wajen taga ya ce, "Mama, ɗaya!" Ita kuma daga waje ta amsa, "Allah shi yi maka albarka, mushe," don haka ake kiran ma'aikata da Faransanci.

Ran na biyar Bature ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ware waɗanda ba su cika ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Na kasa ɗaga kai sanda nake gaya mata, hawaye na ɗiga a kan teburi.

"Kuka kike? Ni da na zo da ƙasa a tukunya?" Ta yi lissafi da yatsu. "Kaka biyu. In Allah ya ba ni rai da gyaɗa, kaka biyu ta cike."

Ta ƙi tafiya da sababbin. Ta ce a ajiye mata su inda gara ba ta da haƙoran shiga. Ni na kama yatsanta na dangwala, yatsa mai kaushi, mai ƙanshin man gyaɗa.

Kaka uku ta ɗauka, don ta biyun ruwa bai yi ba. Ina amarya a Safo aka aiko mini cewa za ta tashi. Na je na iske ta a saman kamiyon da zai yi gabas, an ɗaure mata buta a ƙugu, tana ta faɗa da direba wai ya yi sauri kada a gama aikin hajji ba ta iso ba.