Sunan Da Na Yanke Wa Malam Abdul-Rauf

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Abdul-Rauf dela Cruz, mutumin Filifin mai duba mana wandunan jins a garin Xintang, kusa da Guangzhou ta ƙasar Sin, kafin a loda su a kwantena. A bakin aiki ya faɗi, tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Yau kwana tara ke nan, ni Ghali na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa na ɗauki biro.

Malam, shekara goma sha shida ka yi a cikinmu 'yan Kano, har ka iya Hausar da kake yi mana faɗa da ita. Zuwana na farko Guangzhou, kai ka gano zif ɗin wandunan da na saya duk ba ya hawa. Mai masana'anta yana ta "meyo, meyo", wato babu wasu, kai kuma ka ja kujera ka zauna, ka ƙi tashi sai da aka sake su. Ranar Juma'a kai kake kama mana wuri a Masallacin Huaisheng, don ka san mu da latti.

Abu ɗaya muke gudunka a kai, labarin kakan mahaifinka. Da an ajiye shayi za ka fara. Ka ce talaka ne Kirista daga arewacin ƙasarku, Sifaniyawa masu mulkin mallakar ƙasar suka sa shi soja dole, suka kai shi kudu ya yaƙi Musulmin bakin tafkin Lanao. A 1896, da tawaye ya tashi a tsibiran Filifin, shi da abokansa suka juya wa manyansu bindiga. Ya gudu cikin mutanen da aka turo shi ya kashe, suka ɓoye shi, ya musulunta, ya yi aure. Bayan shekara biyu Sifaniya ta tattara nata ta tafi. Kullum a nan nake katse ka: "Malam, kwantena na jira a tashar jirgin ruwa ta Nansha." Sai ka ce, "Ghali, saura kaɗan, ban zo kan sunan ba." Ban taɓa bari ka zo kansa ba.

Mun san dela Cruz na nufin "na gicciye", har tsokanarka muke yi da shi. To da aka miƙo mini takardar neman izinin binne ka a maƙabartar Musulmi, sai hannuna ya ƙi rubuta shi. Na ce sunan 'yan mulkin mallaka ne, bai kamata ya bi mai sallah kabari ba. Na rubuta Abdul-Rauf Abdullahi, ina ganin alheri na yi maka.

Takarda ba ta dace da fasfo ba, aka ce sai an sake komai daga farko. Kwana huɗu kana kwance a ɗakin sanyi na asibiti, kai da ko fanka ba ka so. Ni kuma ina ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, abinci ya ƙi shiga. Ba wanda ya jawo maka wannan sai ni.

A kwana na uku na kira 'yarka Zulaiha a Filifin, na faɗa mata abin da na yi. Sai ta ce, "Kawu, Baba bai ƙarasa maka ba? Da kakanmu ya musulunta an ce ya sauya sunan, ya ƙi. Ya bar mahaifiyarsa a arewa, kuma da wannan sunan kaɗai za ta aiko a neme shi. Ba wanda ya taɓa zuwa. Amma har yau ba mu yar da shi ba."

Kunya ta kama ni, Malam, har yanzu ba ta sake ni ba. Ƙarshen labarin ke nan, ko minti ɗaya bai kai ba.

Ranar Asabar muka rufe ka. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya Asma'u, da Zulaiha, da dukkan dangi. Allah Ya ba ku haƙuri, ni kuma ku yafe mini. Allon kan kabarin da hannuna na rubuta shi, ina duba fasfo harafi bayan harafi. Duk wanda ya zo nema zai same ka.