Kawu Manu Ba Ya Gaisuwa Daga Kan Keke

Duk wanda ya ce muku ya taɓa ganin Kawu Manu ya wuce mutum a kan keke bai sauka ba, ku tambaye shi wace rana ce. In bai ce ranar kasuwar Bagudo ba, cikin kaka, to ƙarya yake shara muku. Sau ɗaya tak aka yi haka a duniya, kuma ni ce zaune a bayansa, a kan kariyar keken.

Kawu Manu ƙanin mahaifiyata ne. A shekarar da aka samu mulkin kai ya sayar da bijiminsa ya sayo keke, lokacin duk ƙauyenmu da ke gefen Matsinkai ba mai keke sai shi. Ku da kuka san shi kun san halin. Da ya hango mutum, ko dattijo ne ko Bafillatana mai tallan nono, sai ya matse birki ya sauko, ya jingina keken a ƙugunsa, ya tuɓe takalma, sannan ya soma. Ina kwana, ina gajiya, ina mutan gida, yaya ƙafar nan da ta yi ciwo bara, akuyar ta haihu kuwa? Sai ya ƙare tas zai hau. Taku ashirin, ga wani. A sake sauka!

Na ce masa, "Kawu, ka ɗaga hannu mana ka wuce, kamar mutane."

Ya ce, "Ke Kulu, rufe mani baki. Ni Bature ne da zan gai da ɗan Adam daga bisa?"

"To ka buga ƙararrawa su ba ka hanya."

"Ƙararrawa ta awaki ce da jakkai. Ki ga mutum da gemu nai ki yi mai ƙirrr? Wa ya haife ki?"

Wannan ne kaɗai abin da yake taƙama da shi. Ba shi da shanu, ba shi da sarauta. Amma in ana taro sai ya gyara hula ya ce tun da ya hau ƙarfen nan bai taɓa wuce Musulmi ba.

Wata ranar kasuwa matarsa, Inna Hajo, ta aike shi Bagudo sayen gishiri da manja. Ya fita da hantsi, ya dawo rana ta yi ja, hannu rabbana.

"Malam, ina gishirin?"

"Na iske kasuwa ta watse."

"Ta watse? Tsohuwa Ta-Kande da ke dogara sanda ta je ta dawo tun la'asar!"

"Awo, mun gamu. Sau biyu ma. Tana gaishe ki."

Miyar lami muka sha ranar, Inna Hajo na juya tukunya tana zagin bijimin da aka sayar.

Mai hankali zai rage gaisuwa. Kawu sai ya rage mutane. Ya bar babbar hanya ɗungum, ya shiga neman hanyoyin da ba kowa. Shi ya gano cewa in ka bi burtalin Fulani bayan shanu sun wuce, ƙasar ta daddaɓe, keke gudu yake kamar a kan daɓe. Shi ya san bakin fadamar nan da ake ratsawa tsakanin giginyu, inda ba ka jin komai sai kukan gauraka da belbelu na tashi. Ya san inda yashi ke cin taya, da inda ƙaya take, da gindin tsamiyar da ake hutawa a sha fura. Hanyoyin sun ninka babbar hanya sau uku, amma ya fi saurin isa, don ba wanda zai sauka wa. Ko da yake har can ma ya taɓa sauka ya gai da mutum-mutumin da aka kafa a gonar shinkafa. Ya dawo gida yana huci, wai akwai wani baƙo a fadama da ba shi da tarbiyya.

Ta waɗannan hanyoyi yake tsallakawa Dahome, wadda yanzu ake ce wa Benin, wajen dangin Inna Hajo. A lokacin mu nan hannun hagu ake bi, su can hannun dama. Wani direba ya gaya wa Kawu haka, shi ke nan ya jawo mana. Hanyar da yake bi fa 'yar siririya ce, faɗinta bai wuce tafin ƙafa ba, ba hagu ba dama. Amma Kawu sai ya manne a gefen hagu, ƙafarsa na sharar ciyawa. In ya iso kukar da aka ce ita ce iyaka, ya sauka, ya ɗaga keken cak, ya ajiye shi taƙi ɗaya zuwa dama, ya hau.

Na ce, "Kawu, wa zai gan ka a dajin nan? Biri?"

Ya ce, "Garin mutane ne. Doka tasu ce, ko suna nan ko ba su nan."

Inna Hajo ba ta taɓa tambayarsa inda ya je. Wandonsa take dubawa. In ƙafar hagu kaɗai ta kwaso ƙarangiya, bai fita Nijeriya ba. In duka biyun ne, sai ta ce, "To, yaya ka baro su Yaya?"

Yanzu ga ranar da na ce muku.

Ina da goyon ɗiyata ta fari, muna ɗaure gero a gona da hantsi. Na sa hannu zan ɗaga dami, na ji kamar an soka mini allura mai wuta a idon sawu. Kububuwa! Maza duk sun tafi kasuwa, mijina yana bakin kogi. Mata suka ɗaure mini ƙafa da ɗankwali suna salati. Kafin wani lokaci ƙafa ta zama kamar turmi. Sai ga Kawu ya ɓullo ta burtali.

Kariyar nan tasa ta buta ce da buzun salla. Ko Inna Hajo ba ta taɓa hawa ba. Ya kwance su ya miƙa wa wata mata, aka ɗora ni, na rungume shi. Ya juya kan keke wajen fadama.

Na ce, "Ina za ka?"

"Ta giginyu. Ba kowa can."

"Ta giginyu sai la'asar! Gawata za ka kai Bagudo?"

"Kulu, yau kasuwa. Babbar hanya cike take da mutane."

"To ka zaɓa, Kawu. Ko gaisuwarka ko ni. Ga jaririya can tana jiran nono."

Sai ya juya keken.

Mun hau babbar hanya ke nan, wa za mu gani in ba Liman ba, da sandarsa da lemarsa, har ya tsaya yana gyara murya don ya san za a daɗe. Na ji keken yana rage gudu. Na ga yatsun Kawu sun kai kan birki. Wallahi na kafa masa haƙori a kafaɗa.

Ƙirrrr!

Liman ya yi tsalle ya faɗa cikin kalgo. Kawu ya wuce yana ihu, "Gafarta Malam, ina dawowa! Ina dawowa!"

Daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Ba hagu, ba dama, tsakiya ya tsaga. Masu jakuna, masu tallan nono, surukinsa, mai unguwa, duk ƙararrawa ya bi su da ita, yana kuka da hawaye yana cewa, "Ina dawowa! Ku yi haƙuri, ina dawowa!" Ban san keken nan ya iya gudu haka ba. Ina jin shi ma keken bai sani ba.

Kafin azahar muka isa ɗakin shan magani. Yana ajiye ni, ya tuɓe takalma ya durƙusa wa malamin asibiti: "Ina wuni, ina aiki, ina mutan gida?" Ni ina kwance a ƙasa na ce, "Kawu, in na tashi sai na ƙone keken nan!" Malamin ya tsallake shi ya ɗauko allura.

Na kwana shida a can. Da na dawo na tarar da keke ɗaure a cikin rumfa, wai shi ma yana da laifi. Kawu kuwa kwana uku ya yi yana yawo a ƙasa, gida gida, yana gai da duk wanda ya wuce a hanya. Da ya je wa Liman, Liman ya ce, "Manu, ka kwantar da hankalinka. Ni ban ma san kai ne ba. Na ɗauka iska ce, har na yi ta karatu."

Har ya tsufa, in ya gan ni sai ya nuna ni da sanda ya ce, "Ga wadda ta ɓata mani suna." Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan na aurar da ita jaririyar nan, ya kira ni gefe ya ce, "Tunda kin iya alƙalami, ki rubuta cewa sau guda ne. Kada a ƙara mani."

Ranar da ya rasu, ta babbar hanya aka bi da makararsa. Ina tsaye a bakin zaure. Lokacin kekuna sun yi yawa, har da babura. Ban ga wanda ya wuce ba. Kowa ya matse birki ya sauka, wasu har da tuɓe takalma, suka tsaya shiru har aka wuce da shi.

To Kawu, na rubuta. Sau guda ne.

Allah ya jiƙan ka, ya sa ka iske hanya mai laushi, ba yashi ba ƙaya. Yadda ba ka wuce bayinsa ba, kada rahamarsa ta wuce ka. Amin.