Jan Zare a Wuyan Riga

Shekara ashirin da biyu Tela ya yi a shago ɗaya, a bayan keken ɗinki ɗaya, kuma idan ka tambaye shi shekarun 'ya'yansa sai ya tsaya tunani. Amma tambaye shi faɗin kafaɗar kowannensu, kafin ka rufe baki ya faɗa maka. Yara biyar yake da su. Kullum yana fita suna barci, ya dawo ya tarar an gama cin abinci, ya zauna yana tsintar zare a jikin wandonsa. Matarsa takan ce da tef ɗin awo yake gaisawa da su. Shi dai dariya yake yi, ita kuwa ba wasa take ba.

Da hutun makaranta ya zo, ta kafe a kan sai ya rufe shago yini guda ya kai su wurin shaƙatawan nan mai lilo da jirgin ƙasa na yara. Tela ya yarda, amma tun ranar hankalinsa bai kwanta ba. Mutum ne mai tsoron taro. Abin da ya fi damunsa Auta, 'yar shekara biyar, wadda ba ta da kuka ba ta da kira. Ko ranar da ta dafa dutsen guga a shagonsa, sai da ya ji ƙauri ya waiwaya. Tabon yana nan a tafin hannunta na hagu har yau.

Sai ya yi dabara irin tasa. Makon da ya wuce ya ɗinka wa wata makaranta rigunan wasanni, rawaya mai kashe ido, ragowar bandir ɗin yana jingine a lungu. Ya yanka riguna biyar. Na makarantar kalmasa ɗaya ya yi musu don sauri, na 'ya'yansa kuwa ya bi cikin wuyan da jan zare, layi biyu, don kada su yage.

“Ko daga ina na hango rawaya, na san nawa ne,” ya ce wa matarsa yana ta jin daɗin kansa.

“Allah ya sa,” ta ce.

Da hantsi suka isa. A ƙofa ana raba wa kowane yaro fuskar damisa ta kwali mai roba, yaran suka saka, suka ƙi cirewa. Tela ya rataya jakar ruwa, ya riƙe tikiti a haƙori, yana ƙirgawa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. A layin lilo ya ƙirga, a bakin banɗaki ya ƙirga. Babban yana son jirgi, 'yan matan suna son dokin juyi, lasifika na ta kiɗa a saman kansa har kan ya fara sarawa. Ba wanda ya ga haƙorinsa ranar nan.

Wajen azahar ne ya hango manyan motoci uku suna shigowa filin ajiye motoci. Aka buɗe ƙofofi, rawaya ta fara zubowa. Ɗinkinsa ne, ya san shi kamar yadda ya san tafin hannunsa. Yara sun fi ɗari, kuma kowanne aka miƙa masa fuskar damisa a ƙofa. Ya dubi matarsa, ita ma shi take kallo.

“Maman yara, ki riƙe manyan,” ya ce. “Auta tana hannuna, ba zan sake ta ba.”

Ya sake ta sau ɗaya. A wurin jirgin ƙasa ne, inda ba a barin manya su hau. Ya sa ta a tarago na biyu, ya tsaya a bakin shinge yana bin taragon da ido har jirgin ya shige wani kogo na siminti ya fito. Yara suka sauko a yamutse. Ya cafke ƙaramar damisar da ta fito daga tarago na biyu, ya riƙe hannunta gam, ya yi ajiyar zuciya.

Haka suka ci gaba da yawo. Ya saya mata ruwan sanyi, ta riƙe ba ta sha ba. Ya ce ko ta gaji, ta yi shiru. To, Auta ce, me zai dame shi? Sau biyu suka wuce ta gaban rumfar da 'yan makarantar ke zaune a jere, duk sau biyun ya kawar da kai, don ganin rigunan nan yana tayar masa da hankali. Ya ƙirga, biyar cif.

Da la'asar hadari ya haɗo, iska ta fara kwasar ledoji. Lasifika ta daina kiɗa, aka ce za a tsayar da lilo. Jama'a suka nufi ƙofa gaba ɗaya. Tela ya sunkuya zai ɗauki yarinyar, hannunsa ya sauka a bayan wuyanta, yatsunsa suka yi abin da suka saba yi, suka juya wuyan rigar. Kalmasa ɗaya ce. Babu jan zare.

Ya ɗaga kwalin a hankali. Wata yarinya ce mai wushirya, idanunta sun yi ja, ta daɗe tana kuka a ciki ba ya ji.

Matarsa ta kama hannun yarinyar na hagu ta buɗe, tafin sumul.

“Tun yaushe?” ta ce.

“Tun jirgi.”

“Awa biyu kana riƙe da hannun nan, Baban yara? Awa biyu?”

Tela ya saɓi yarinyar ya ruga. A filin motoci, mota ɗaya ta riga ta fita, ta biyu tana bakin ƙofa, ta uku ana rufe ta. Ya sha gaban ta biyun yana dukan gilashi. Wata malama ta leƙo da takarda a hannu.

“Lafiya, bawan Allah? Mun ƙirga, yaranmu sun cika.”

“Sun cika da tawa, Malama. Ga taku.”

Malamar ta dubi yarinyar, takardar ta suɓuce mata. Tela ya shiga motar yana bin kujera kujera, yana juya wuyan riguna. Bai ko tuna ya ce su cire kwalayen ba. Ya gama motar, babu. Ruwa ya sauko. Ya kalli hanyar da motar farko ta bi, sannan ya nufi ta uku.

A kujerar ƙarshe, kusa da taga, ya juya wani wuya ya ga ja, layi biyu. Ya durƙusa a wurin. Ya kama hannun hagu ya shafa tabon da babban yatsansa, ya sake shafawa.

Auta ta ture kwalin sama da kanta. Ba ta yi kuka ba.

“Baba,” ta ce, “sau biyu ka wuce ta gabanmu. Na ɗaga maka hannu.”

Direba ya yi ham. Tela bai tashi ba, yana durƙushe yana kallon fuskarta, har sai da malamar ta taɓa kafaɗarsa ta ce ana jiran yaran a gida.