Giga Ukun Malam

A lokacin da nake ba da labarinsa, ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin ofishin awon filaye a Dutse. Mu tara ne. Duk aikinmu a kan babbar kwamfuta ɗaya yake, wadda ke ɗan ɗakin da ke bayan teburina. Na'urorin da ke gaban kowa tsofaffi ne, ba sa iya komai su kaɗai, dole kowa ya shiga babbar da sunansa kafin ya yi aiki. Memorinta, wato inda take riƙe aikin da ake kan yi, giga goma sha shida ne. Da muna mu biyar ba ta taɓa ba mu wahala ba. Da aka ƙaro mutum huɗu, biyu daga cikinsu masu zana taswira, sai ta fara nauyi.

Wanda ya girme mu duka shi ne mai rubuta wasiƙu, wani dattijo ɗan Limawa da kowa ke kira Malam, domin gidansu gidan karatu ne. Ɗabi'arsa ɗaya ce muke sa-in-sa a kanta: ba ya rufe komai. Sai ya buɗe wasiƙa ashirin da taswira biyar, ya tashi ya tafi gida ya bar su haka. In na yi magana ya ce, "Ɗana, in na rufe, gobe ba zan san inda na tsaya ba."

Wata Alhamis ya tashi bayan la'asar, ya ce kansa na sarawa. Asabar da hantsi muka kai shi makwancinsa. Na tsaya a sahu, na kama makara, na zuba ƙasa, ina jiran in ji wani abu a zuciyata. Ban ji ba. Litinin na zo aiki, na ci ƙosaina a kan tebur kamar kullum.

Ranar Laraba ɗaya daga cikin masu zane ta leƙo ta ce, "Injiniya, abin nan fa ya sake tsayawa." Na buɗe jerin waɗanda ke cikin babbar kwamfutar don in ga wa ya fi cin wuri. Sunan Malam na nan a ciki. Tun Alhamis bai fita ba, kuma batiran sola sun hana na'urar mutuwa ko sau ɗaya. Giga uku ya riƙe. Dannawa ɗaya ta isa in fitar da shi kowa ya samu sauƙi. Na kalli sunan na ɗan lokaci, na rufe jerin, na ce mata ta rage abin da ta buɗe.

Haka muka yi mako guda. Ba zan ce tausayi ne ba, ba kuma zan ce tsoro ba. Kullum da safe nakan duba, in ga sunan, in ci gaba da aiki.

Da ƙorafi ya yi yawa, Oga, shugaban ofishin, ya kira ni.

"Ka gaya mini gaskiya," ya ce, "memori nawa muke bukata? Ba ka ce akwai sauran wuri da yawa a cikin kwamfutar ba?"

"Ranka ya daɗe, wancan wurin ajiya ne, kamar rumbu. Wannan kuwa tabarmar shanya ce. Komai girman rumbu, in tabarma ta yi kaɗan sai wani ya jira wani ya kwashe."

Na lissafa masa da yatsu. Ita kanta na'urar tana cin huɗu kafin kowa ya shiga. Mai rubutu yana bukatar kamar biyu, mai taswira huɗu ko fiye, sannan a bar ɗan sarari. Na ce, "Mu tara, talatin da biyu za ta ɗauke mu."

"Takwas," in ji shi.

"Takwas," na ce. "Duk da haka talatin da biyu."

Ya ce a aika Kano a kawo.

Kafin kayan su iso, wani tsohon Bafulatani ya zo daga wajen Ringim, da sandarsa da 'yar jakar leda mai takardu. Ya ce Malam ya yi masa alkawarin wasiƙa zuwa ga dagaci kan iyakar gonarsa da burtalin shanu. Hajiyar da ke karɓar baƙi ce ta gaya masa Malam ya rasu. Ya yi salati, ya zauna a benci. Can ya ce, "To, takardar fa? Ko ya tafi da ita?"

Na ce, "Baffa, ɗan jira ni."

Na sauya kalmar sirrin Malam, na zauna a kujerarsa, na shiga. Komai na nan yadda ya bari. Wasiƙar ce a sama, ta tsaya a tsakiyar jimla, daidai inda ya fara bayyana iyakar arewa. Na kira tsohon ya matso.

"Baffa, daga arewa me ya yi muku iyaka?"

"Tsamiya. Daga ita sai ka gangara kwari, sai kututturen kuka."

Na rubuta yadda ya faɗa, na karanta masa tun daga farko. Sashen Malam ya fi nawa daɗin ji, shi ma ya lura, amma ya ce ya isa. Oga ya sa hannu, tsohon ya ninke takardar huɗu ya tafi.

Memorin ya iso ranar Juma'a, 'yan faranti biyu kore a cikin kwali. Asabar da safe na zo ni kaɗai. Ba a sa shi sai an kashe na'ura. Na sake shiga da sunan Malam, na bi abubuwan da ya bari ɗaya bayan ɗaya ina adanawa: wasiƙun aiki, taswirori, da wani jadawalin karatun makarantar gidansu da ya fara gyarawa. Ya ɗauke ni kusan awa guda. Sannan na fitar da shi, na kashe ta, na buɗe murfin, na danna farantan har suka yi ƙas. Na kunna, ta nuna talatin da biyu.

Jadawalin na buga a takarda na kai Limawa bayan azahar. Babban ɗansa ya karɓa a zaure, ya duba, ya ce ai tun watan jiya sun sauya lokutan, amma ya gode. Ya kawo mini ruwa na sha, na hau babur na koma gida.