Daɓen Tsohon Siton Citta

Har yau in aka wuce da buhun busasshiyar citta kusa da ni, ba kunu nake tunawa ba, ba yaji ba. Gwiwoyin kakata nake tunawa, a kan tsakuwa, da rana tsaka. Kai mai karatu, in labarin yafiya kake nema ka nemi wani, ni ba ni da shi.

A bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan akwai wani tsohon sito na dutse da aka gina tun zamanin Turawa, mai dogon rufin kwano da ƙatuwar ƙofa. A nan wani kamfani yake sayen citta. In ruwa ya ɗauke, matan ƙauyukanmu su tono, su tsaga, su shanya a kan fa, sannan su ɗauko a ka zuwa sito. Ina 'yar mitsitsiya nake bin kakata ta wajen uwa, riƙe da gefen zanenta.

Mai awon wani akawu ne, ɗan garinmu. Yarenmu ɗaya, cocinmu ɗaya. Farin gajeren wando, doguwar safa, alƙalami a bayan kunne. In an ɗora buhu, sai ya tura yatsan ƙafa ƙarƙashin sikeli ya ɗan tallafe, nauyi ya ragu. Kowa ya sani, kowa ya ja bakinsa, ban da kakata. Ran nan, Baturen kamfani na tsaye, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Akawu, cire ƙafa. Citta na ba ya son taimako." Mata suka kwashe da dariya.

Komawar da muka yi, akawun ya zazzage buhunta a ƙasa, ya duƙa, ya miƙe da yashi cike da tafinsa. Ni na ga inda yashin ya fito, daga aljihun farin wandon nan ne. Amma wa zai saurari yarinya mai majina? Ya kira ta ɓarauniya. Ya sa maigadi ya durƙusar da ita a bakin ƙofa har inuwa ta juya, duk wadda ta zo awo sai ta raɓa ta ta wuce. Da ta tashi ba ta yi kuka ba. Ta kaɗe gwiwoyinta, ta rantse ƙafarta ba za ta sake tsallake dokin ƙofar nan ba sai bakin da ya ce akwai yashi ya ce babu, a gaban mutane.

Sunan kuwa ya manne. A rafi "mai yashi". A coci aka daina ba ta ajiyar hatsin baiko, wanda ake kawowa sadaka, ba tare da an ce mata komai ba. Ni kuma a makaranta "jikar mai yashi". Na fasa bakin yara a kan wannan, na sha bulala, ban taɓa nadama ba.

Bayan yaƙin basasa kamfanin ya tattara ya tafi, sito ya zama gidan jemagu da awaki. Ina aji na ƙarshe a firamare, cikin shekarun saba'in, malaman makaranta da ma'aikatan reluwe suka ce a gyara shi ya zama ɗakin wasanni na gari, a riƙa wasan kwaikwayo da raye-raye da waƙoƙi. Aka kafa kwamiti. Wa aka ba shugabanci? Akawu. Yanzu ya yi tumbi, ya zama dattijon ikilisiya, yana gaisuwa da hannu bibbiyu.

Aka sauya kwano, aka shafa farar ƙasa, aka gina dandamali. Amma siminti ya yi wuya a shekarar, ɗan abin da aka samu ya ƙare a dandamalin. Saura ƙasan ɗaki, sai daɓe. Daɓe kuwa aikin mata ne, kuma ba a yin sa sai da waƙa, don dole madaɓai su faɗi tare, in ba haka ba ƙasa ta yi tudu da kwari. A duk sashenmu babu mai ba da waƙar daɓe kamar kakata. Sannan a wajenmu, abin da aka faɗa a waƙar daɓe ba a kai shi gaban sarki, ba a kai shi gaban fasto, namiji kuma ba ya tankawa.

Akawu bai iya zuwa wurin kakata da kansa ba, matar fasto ya turo. "Mama, aikin gari ne, a yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce."

Kakata ta ce, "Waƙa zan yi. Shiga ne ba zan shiga ba."

Da bazara aka yi, zafi kamar a gasa mutum. Aka baza jar tsakuwa, aka yayyafa ruwan makuba, wanda ake jiƙawa da ɓawon ɗorawa don ƙasa ta kama. Warinsa mai ɗaci ya cika sito. Mata suka jeru a durƙushe, ni ma da ƙaramin madaɓina. Kakata ta ajiye 'yar kujerarta daidai inda aka durƙusar da ita, a waje, ta buɗe murya da yarenmu. Ga abin da take cewa: "Wa ya shuka yashi a aljihu?" Mata su amsa, "Mai farin wando!" Madaɓai su faɗi, dim! "Wa ya girbe shi a buhuna?" "Mai farin wando!" Dim!

Akawu ya zo duba aiki, ya tsaya a gindin mangwaro, ya ji da kunnensa. Na ɗaga kai na kalle shi, na ƙara ƙarfin bugu. Al'ada ta ɗaure masa baki. Kafin daɓen ya bushe, waƙar ta shiga kasuwa, har masu dakon tasha suna yin ta.

Ranar buɗewa aka cika maƙil. Babban baƙo jami'in al'adu ne daga Kaduna, ba ya jin yarenmu, yana zaune a gaba kusa da shugaban kwamiti. Matan zumuntar coci suka hau dandamali da madaɓansu, don malaman sun ce a nuna wa baƙo yadda aka yi aikin. Wace waƙa za su yi in ba wadda aka yi aikin da ita ba? Baƙo ya ji daɗi, ya ce a maimaita. Akawu yana tafi, gumi na bin wuyansa. Sai baƙon ya juyo ya tambaye shi me suke cewa.

Akawu ya jawo makirfo ya ce, "Ranka ya daɗe, yabon manoman citta ne."

Daga bakin ƙofa aka ji murya. "Akawu, kai dattijo ne na coci. Fassara daidai."

Kowa ya waiwaya. Baƙo ya ce wace ce wannan, a shigo da ita mana.

"Ni ne mai yashi," in ji kakata. "Shi ya ba ni sunan. In ya karɓi abinsa, zan shigo."

Akawu ya dubi fasto, fasto ya dubi takalminsa. Can Akawu ya ce, ƙasa-ƙasa, "Babu yashi."

"Kunne na ya tsufa. Ga ƙarfen magana a gabanka."

Ya faɗa a makirfo, lasifika ta kai shi har layin masu tsire. Mutane suka dare suka ba ta hanya, wani ya tashi daga kujerarsa. Ta tsallake dokin ƙofa da ƙafa ɗaya, ta doka diddige a kan daɓen, ta ce, "Ya daɓu." Ta janye ƙafarta, ta juya gida. Na bi ta da gudu na tambaye ta ko ta yafe masa. Ta ce, "Na karɓi suna na. Gwiwa na bai karɓi komai ba."

Yanzu dukansu biyu suna ƙarƙashin ƙasa. An malala siminti a kan daɓen, samari na kaɗa jita a dandamali, 'yan matan yanzu ba su san warin makuba ba. Sabon kwamiti ya ce zai rataya hoton Akawu a bango, wai shi ne uban ɗakin. Yayata ta ce in je in yi rigima. Ba zan je ba. Duk Asabar ni nake koya wa yara rawa a ɗakin nan, kuma ka san waƙar da nake fara koya musu. Roƙona ɗaya ga kwamiti: su rataya hoton yana fuskantar dandamali.