Dutsen da Gwaggo Zulaihatu ke dubawa daga nesa

Ku matso, muryata ba ta kai nesa yanzu. Gwaggo Zulaihatu yayar babanmu ce, saƙar faifai take yi. Ba ta haihu ba, mijin nan ɗaya gare ta, Illo. Shekarar da Nasara sunka shigo Sakkwato yana cikin waɗanda sunka faɗi bayan ganuwa. Nan inda anka iske shi, nan anka rufe shi, sunka aza dutse wajen kai.

To mace ba ta zuwa bakin kabari. Sai ta tsaya can gefen hanya in ta fito yankan kaba, ta hanga. Duwatsun da yawa, duk jajaye, amma nashi akwai wani abu da ya fito mai, fari-fari da ɗan rawaya, ya manne kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ba ciyawa ba ne, ko da farce ba ka ɓamɓare shi. Da shi take gane wurin. Shekara bakwai tana hange, ta ce abin bai ƙaru da faɗin farcenta ba.

Sai anka ce kowace unguwa ta kawo duwatsu, za a yi wa Bature hanya. Ƙanenta Mode na cikin masu ɗauka. Mutane sun gaji, dogari na tsaye, wa zai tsaya tambaya? Sunka kwashe duwatsun filin kaburburan tas.

Ta same shi a zaure. "Mode, kai ma da hannunka?"

"Wallahi Yaya, dutse na gani."

Kwana uku tana juya tulin duwatsun nan, maza na cewa ta taɓu. Ta samu dutsen Illo kuwa. Ta aza a ka, ta koma filin, ta tsaya. Ko'ina iri ɗaya, ƙasa ja shimfiɗe. Ta yi gabas, ta dawo. Ba ta san inda za ta aje ba.

Ta kawo shi ɗakinta, ta tura ƙarƙashin gado. Ashe abin nan rana yake so da raɓa. Kafin damina biyu ya yi baƙi, ya zube kamar toka. Ran da ta jawo dutsen ta gani ina nan. Ba ta yi kuka ba. Ta shafa, ta shafa, ta ce mini, "Zainabu, kai wa uwarki, ta samu dutsen murhu."